Abin da Baba Azariya Bai Ɗora a Sikeli Ba

A cikin hotunan da aka ɗauka ranar tonon citta a gonar gwaji akwai wani daro. Ba don shi aka ɗauki hoton ba. Abin da aka nufa shi ne sikelin da ke rataye a reshen mangwaro, da buhun da ke lilo a ƙugiyarsa, da Baba Azariya Zamani tsaye ya ɗaga haɓa yana karanta lamba. Amma can bayan ƙafarsa ta hagu daron na nan, shuɗi, bakinsa ya ɗan tsage, an rufe shi da ganyen ayaba. Yana cikin hoton bara, yana cikin na bana. Hotunan sun bi ta hannun mutane da yawa, har an manna ɗaya a allon ofis, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ciki.

Shekarar Baba Azariya talatin da shida yana aiki a wata tashar gwajin noma da ke tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Lebura ya shigo, da fartanyarsa da takardar gama firamare naɗe cikin leda. Ya yi noma, ya yi dakon taki, ya yi gadin rana. Wata shekara ana tsakiyar girbin masara mai awon tashar ya kwanta ciwo, aka tambaya wa ya iya karanta lamba, Azariya ya ɗaga hannu rabi da rabi. Tun daga ranar sikeli bai bar hannunsa ba.

Sunan Baba Sikeli kuwa yana da tarihi. An taɓa turo wani oga mai gaggawa, buhu ya nuna kilo sha takwas da ɗigo huɗu, ogan ya ce a rubuta ashirin, ai ya kusa. Azariya ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, Kagoro ma ya kusa da Kafanchan, amma ba a sauke fasinjan Kafanchan a Kagoro." Ya rubuta sha takwas da ɗigo huɗu. Maganar ta zaga tashar, ta fita waje, har wata Lahadi fasto ya kawo ta cikin wa'azi ya nuna shi da yatsa. Azariya ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙoƙi, yana jin kunya, yana kuma jin daɗi.

Sai dai kafin ya san sikeli, ya san citta. A ƙauyensu bayan Zonkwa mahaifinsa ya koya masa ƙa'ida ɗaya. Idan an tono citta, kafin a tsaga, kafin a kai gida, sai mai gona ya tsuguna ya zaɓi masu kaurin yatsu da yawan ido, ya ajiye gefe. "Wannan ba naka ba ne," in ji tsohon, "na baɗi ne. Ba a cinsa, ba a ƙirga shi cikin abin da gona ta bayar." Azariya bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ra'ayi ba. A wurinsa kamar wanke hannu ne kafin tuwo. Da shekarar cuta ta zo, ganye ya yi rawaya tun damina ba ta ƙare ba, citta ta ruɓe a cikin ƙasa tana wari, ya rasa har irin Tafin Giwa da ya gada daga gonar mahaifinsa. Daga lokacin, idan ya ga citta mai lafiya, hannunsa kan riga tunaninsa isa gare ta.

Bayan cutar ne Scholastica Luke ta dawo tashar. 'Yar abokinsa ce, marigayi Luke mai tuƙa tarakta, kuma Azariya ne ya riƙa kai ta makaranta a keke shekarar da uban ya rasu. Yanzu tana neman digirin dakta, ko da yake ma'aikata sun riga sun ba ta sunan. A gaban mutane shi ma Dakta yake ce mata. Idan su biyu ne, Sikola.

Aikinta shi ne ta gano abin da za a yi wa iri kafin shuka don kada ya ruɓe. Ta yanka fuloti ashirin da huɗu, kowanne gindi ɗari. Wasu ba a yi wa irinsu komai ba, wasu an barbaɗe shi da toka, wasu an tsoma shi a maganin kanti, shida kuma an jiƙa shi a ruwan ganyen dogonyaro sannan aka bi da toka. Ranar tono takan zo da sassafe, ta tono gindi goma a kowane fuloti, ta auna su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikelinta, ta mayar. Da rana ta ɗaga sai ta ɗauki hotuna ta wuce ofis ta zuba lambobin a kwamfuta. Mata su tone sauran, Baba Azariya ya auna jimlar kowane fuloti a babban sikeli. Kafin ya ɗora buhu kuwa sai ya tsuguna ya zaɓi iri ya zuba a daro, a gaban kowa. Inda citta ta yi kyau ya ɗebi da yawa. Inda ta yi rauni ya ɗan tsinta, ko ya wuce. Shekara biyu ana haka.

Da ta gama rubuta sakamakon, Scholastica ta aika wa wata mujallar kimiyya. Sai takardar ta fito za a bar ta ta kare digirin. Mujallar kuwa ba ta ba wa ɗan adam takarda ya karanta sai ta fara bi ta wata manhaja. Manhajar ba ta san citta ba, ba ta taɓa jin ƙanshinta ba. Aikinta ta duba ko mai rubutu ya faɗi yadda ya yi aikin dalla-dalla, ko ya haɗo ainihin lambobin da ya tara, sannan ta sake lissafin da kanta ta ga ko wani zai iya bin sawu ya isa wuri ɗaya.

Ranar wata Talata Scholastica ta leƙo ta taga ta kira Baba Azariya.

"Baba, zo ka ga abin da injin nan ya ce mini."

"Inji kuma har ya fara magana?" Ya goge ƙafa ya shiga.

Ta juyo masa da kwamfutar. Layuka ne jere, yawancinsu kore, ɗaya ja. Ta yi masa bayani a hankali. A fuloti na uku, gindi goman da ta auna kowanne ya kusa rabin kilo. To fuloti mai gindi ɗari ya kamata ya kusa kilo hamsin. A takardar babban sikeli an rubuta talatin da tara. A sauran fulotai bambancin kaɗan ne, manhajar ta bar shi. A guda shida giɓin ya yi yawa, bara da bana. Editan mujallar ya ƙara nasa a ƙasa: ya lura cewa shidan duk na dogonyaro da toka ne, wato maganin da take yabawa. Ya ba ta mako biyu ta yi bayani, in ba haka ba zai rubuta wa jami'arta.

"Suna ganin na kumbura nawa lambobin ne," in ji ta. Ta karanto fulotan: uku, takwas, sha ɗaya, sha huɗu, sha tara, ashirin da biyu.

Tun tana sha ɗaya Baba Azariya ya gane. Ya san fulotan nan kamar 'ya'yansa. A na takwas sai da ya cika daro sau biyu. Ya ji hularsa ta yi nauyi. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sikelina ba ya ƙarya."

"Na sani, Baba. Kai wa zai zarga? Ni ce dai. Wataƙila ƙaramin sikelin ne ya lalace ban lura ba."

Sannan ya ce Ubangiji ya kawo sauƙi, ya fita.

Maganar da ya faɗa gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙarya ciwo. Washegari ya hange ta ta taga da ƙullin gishirin kanti mai rabin kilo, tana ɗorawa a ƙaramin sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ranar Alhamis ya ga ta kawo wani ƙullin. Kafin Juma'a magana ta fita, domin a tashar bango ma yana da baki. Yana gyara igiyar buhu a gindin mangwaro ya ji Joanna, shugabar mata masu tono, tana ce wa sauran, "Wai kwamfuta ya kama Dakta tana sa wa lamba yis, kamar ƙullin burodi." Suka fashe da dariya. Ta juyo gare shi. "Ko ba haka ba, Baba Sikeli? Da kai ne ka yi duka awon da ba a ji wannan ba."

Ya sunkuyar da kai yana ɗaura igiyar da ya riga ya ɗaura.

Ranar Asabar da azahar matarsa Yemima ta ajiye masa tuwon acca a inuwa, ta koma kan tabarma tana tsaga cittar gida. Ya yanki loma, ya juya ta, ya ajiye.

"Baban Ƙauna, kwana huɗu kana ɗaga tuwo kamar kana awonsa. Miyan ne bai yi ba, ko ka samu wata mai girki a Zonkwa?"

"Bar wasa, Maman Ƙauna."

"To faɗi."

Ya faɗa, yana kallon ƙasa. Da farko dariya ta yi har ta ajiye wuƙa. "Wato inji a ƙasar Turawa ya ƙirga abin da ke cikin darona? Ni ina ta nema, ashe yana can yana karatun digiri." Da ta ga bai ɗaga kai ba, sai ta daina.

"Sata ka yi?"

"Allah ya kiyaye. A gonar gwajin na sake shuka shi."

"Ɓoyewa ka yi?"

"A gaban kowa na ɗeba."

"To me ya riƙe maka baki?"

Ya ture kwanon gefe. "Shekara talatin ana cewa awona ba ya kuskure. Fasto ya faɗa a bagade. Yanzu in je in ce duk wanda ya yi gwajin citta a tashar nan, ban ba shi lamba cikakke ba?"

"Au, sunan ne? Kawo mu dafa mu ci." Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da tsaga. "Sabo turken wawa, wannan na yarda. Ranar da ka ɗebi iri, ba ka sani ba. Amma daga Talata zuwa yau ba rashin sani ba ne. 'Yar Luke ce fa. Kai ka tsaya mata ranar baftisma. Ana ce mata maƙaryaciya kana ɗaura igiya."

Bai ci tuwon ba. Ranar Lahadi a coci bai zauna a kujerar dattawa ba, ya tsaya can baya wajen ƙofa, ya ce ƙafarsa ce ke ciwo.

Da safiyar Litinin ya tare Scholastica tun ba ta buɗe ofis ba. Ya ce ta biyo shi. Suka zaga bayan sito, inda ba ta cika zuwa ba, wurin da itatuwa suka yi inuwa. Akwai tsibi-tsibi a jere, an rufe su da busasshiyar ciyawa, kowanne an kafa masa ƙaramin sanda da tsumma a ɗaure. Manomi ba ya gauraya iri, don haka na kowane fuloti yana wurinsa. Ya yaye ciyawar ɗaya. Cittar na kwance, masu kauri, idanunsu sun fara kumbura.

"Sikola, ga kilo ɗin da injin yake nema. Wannan na fuloti uku ne. Ina cire iri kafin in ɗora buhu. Haka nake yi tun kafin a haife ki."

Ta dubi tsibin, ta dubi sauran, ta ƙirga su da ido. Manya guda shida ne.

"Baba, ranar Talata ka sani?"

"Na sani."

"Ka ga ina auna gishiri?"

"Na gani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ta juya masa baya, kafaɗunta na motsi, shi kuma ya tsaya da hula a hannu yana roƙon ƙasa ta tsage. Ya ce, "'Yata, ki gafarta."

Can ta ciro waya tana dube-dube. Ta tsaya a wani hoto, ta buɗe shi da yatsu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta miƙo masa. Ga shi nan yana karanta lamba, ga daron a bayan ƙafarsa.

"Ni na ɗauki hoton nan," ta ce. "Bara ma ni ce. Ka san abin da na rubuta a takardar? Na ce an auna dukan abin da aka tono, a gabana. A gabana, Baba. Ni da ke tserewa ofis da rana ta fara zafi. 'Yar manomi ce ni, uwata ma tana cire iri. Ban taɓa tambayarka ba."

Ya mayar mata da wayar.

Shi ya je ya ɗauko babban sikeli ya rataya. Suka kwashi irin fuloti na uku a buhu suka ɗora. Allura ta tsaya a takwas. Giɓin kuwa sha ɗaya ne. Wata biyu irin ya yi a ajiye, ya sha iska, ruwan jikinsa ya ragu. Baba Azariya ya dubi allurar, ya dubi fuskarta, ya ga yadda idanunta suka faɗa cikin mako ɗaya.

"Ukun nan ruwa ne ya tafi," ya ce da sauri. "Na san citta. Ki rubuta sha ɗaya, ai ya kusa."

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa. Ya saki buhun, ya yi ta lilo tsakaninsu.

"Kagoro da Kafanchan, Baba," ta ce a hankali.

Ya zauna a kan tushen itace ya rufe fuska da hula. Wannan ta fi ta Talata. Waccan shiru ne ya yi, wannan da bakinsa ya roƙa. Ta bar shi har ya sauke hular da kansa, sannan ta miƙa masa biro. Ya rubuta takwas.

Sun auna tsibin duka kafin sha biyu. Na bana ya nuna inda cittar ta tafi, amma bai cike giɓin ba. Na bara kuwa babu shi, an shuka shi, shi ne ya haifi na bana. Ido ba mudu ba ne, kuma mujalla ba ta karɓar kimar ido. Scholastica ta zauna ta rubuta wa editan, Baba Azariya yana tsaye a ƙofa. Ta faɗi al'adar cire iri, ta haɗa hoton da sabon awon, ta ce maganar da ta rubuta cewa an auna komai a gabanta ba gaskiya ba ce. Ta janye takardar. Za ta sake gwajin damina ɗaya, digirin ya jira baɗi.

"Ki sa sunana a ciki," ya ce. "Ki rubuta Azariya Zamani ne ya ɗeba, kuma ya sani tun Talata."

"Na sa cewa kai ka ɗeba, ni ban duba ba. Maganar Talata ba ta edita ba ce. Tsakanina da kai ne."

Bai tambaye ta ko ta gafarta ba, ita ma ba ta ce ba. Ta jawo takardar awon da yake cikewa ranar tono, ta ja layi a tsakiya da rula. A gefe ɗaya ta rubuta na buhu, a ɗayan na iri. "Za ka ci gaba da zaɓen iri, ba wanda ya kai ka ido. Amma sai ya hau sikeli kafin ya shiga daro. Ni ma zan tsaya har a gama."

Daga nan gindin mangwaro ya nufa, inda mata ke hutun rana. Ya tsaya a gabansu ya ce Dakta ba ta sa wa lamba yis ba, shi ne ya rage wa buhu. Ya faɗi yadda aka yi, har da kwanakin da ya yi shiru. Joanna ta riƙe haɓa.

"To ai dukanmu muna gani kana ɗeba. Ni ma na taɓa taya ka zaɓe. Wa ke ƙirga iri?"

"Injin yana ƙirgawa," wata ta ce daga baya.

"Yanzu me za mu riƙa ce maka, Baba Daro?"

Ba wadda ta yi dariya sosai. Ya ce su kira shi Azariya, sunan da aka yi masa baftisma da shi, ya ishe shi. Joanna ta tashi ta kaɗe zani ta ce bari ta je ta gaida Dakta, bakinta ma yana da laifi.

Ya koma bayan sito shi kaɗai. Ya mayar da kowane iri tsibinsa, ya rufe da ciyawa, ya gyara sandunan da suka karkace, ya yayyafa ruwa kaɗan. Daron yana jingine da bango, ƙasa ta bushe a cikinsa. Ya kai shi famfo ya wanke ciki da waje, ya ɗaure a bayan keke, domin Yemima ta ce za ta jiƙa wake.